Babi na 7: Kukan Kurciya a Cikin Na'ura

Ranar 20 ga watan Yulin 1969, ƙaramin kumbon nan Eagle yana gangarawa zuwa doron wata, saura kamar kilomita 10 ya dira, sai fitilar gargaɗi ta kama a gaban Neil Armstrong da Buzz Aldrin. Aldrin ya latsa maɓallai yana tambayar kwamfutar abin da ke damunta. Amsar da ta bayar lamba ce tsurarta: 1202. Duk atisayen da mutanen biyu suka sha, babu wanda ya san fassarar wannan lamba a cikinsu. Armstrong mutum ne da ba a cika jin tashin hankali a muryarsa ba, amma wanda ya saurari faifan ranar zai ji yadda ya matsa wa cibiyar Houston a gaya masa abin da 1202 ke nufi.

A Houston, hukuncin a ci gaba ko a fasa yana wuyan wani matashi ɗan shekara 26, Steve Bales, mai sa ido kan kwamfutar da ke jan ragamar kumbon. Shi kuma kunnensa na wajen wanda bai kai shi shekaru ba, Jack Garman, ɗan shekara 24, da ke zaune a ɗakin baya. A kan teburin Garman akwai wata takarda da ya rubuta da hannunsa, jerin lambobin gargaɗi da abin da za a yi in kowacce ta fito. Lambar 1202 na nufin ayyuka sun yi wa kwamfutar yawa har ta rasa inda za ta ajiye sabo, don haka ta watsar da ƙanana ta sake farawa da manya. Muddin ba ta riƙa yin hakan babu ƙaƙƙautawa ba, babu abin tsoro. Garman ya ce a ci gaba, Bales ya faɗa wa shugaban tawagar Gene Kranz, Charlie Duke, mai magana da kumbon daga Houston, ya isar wa 'yan sama jannatin. Sau biyar gargaɗin ya fito kafin su dira, huɗu 1202, ɗaya 'yar'uwarta 1201.

Takardar nan tana da tarihi. Kimanin mako biyu kafin wannan rana, masu shirya atisaye a ƙarƙashin Dick Koos sun jefa wa tawagar Kranz irin wannan gargaɗi ana tsakiyar saukar gwaji. Bales bai san lambar ba, sai ya ce a fasa. Da aka zauna bita aka nuna masa cewa babu dalilin fasawa, kwamfutar tana kan aikinta. Nan Kranz ya ba da umarni a bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta matakin da za a ɗauka kan kowacce. Manhajar kwamfutar kanta aikin injiniyoyin jami'ar MIT ce, irin su Hal Laning da ya tsara yadda take fifita wani aiki a kan wani, da Margaret Hamilton da ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon, kuma sun gwada farfaɗowarta har sun gaji. Abin da atisayen Koos ya gwada daban ne. Kukan kurciya jawabi ne, amma in ta yi kukan, akwai mai hankalin da zai gane cikin daƙiƙa goma?

Shekara 50 da ɗoriya bayan haka, masu rubuta manhaja suna nan suna jayayya a kan wata tambaya da za a ga kamar ƙarama ce, alhali jikar waccan ce. Saƙon da manhaja ke fitarwa idan abu ya lalace, ya cancanci a rubuta masa gwaji na kansa?

Manhaja ba dunƙule ɗaya ba ce. Gutsattsari ce, kowane gutsure da ɗan aikinsa: wannan ya lissafa canji, wancan ya duba ko lambar waya ta cika. Gwajin gutsure wata 'yar manhaja ce da ake rubutawa don ta tsare gutsure guda, ta yi masa tambaya, ta duba ko amsarsa ta dace da wadda ake tsammani. A ce gutsuren na cire kuɗi ne. Gwajin zai ƙago asusu mai naira 5,000, ya nemi a cire 3,000, ya tabbatar saura 2,000. Dubban irinsa ke gudana cikin 'yan mintuna duk lokacin da wani ya taɓa rubutun manhajar; in duk sun tsallake allo ya yi kore, in ɗaya ya faɗi ya yi ja. Al'adar ta bazu sosai bayan 1997, shekarar da Kent Beck da Erich Gamma suka rubuta kayan gwajin nan mai suna JUnit a cikin jirgin sama tsakanin Zurich da Atlanta.

To, yanzu gwajin ya nemi a cire 8,000 daga asusun 5,000. Kowa ya yarda a tabbatar manhajar ta ƙi. Inda ake rabuwa shi ne ko a ƙara tabbatar da cewa ta ce "Kuɗin da ke asusunku bai kai ba", harafi da harafi.

Masu cewa a'a ba ragwaye ba ne, yawancinsu sun sha wuyar abin. Wata rana wani ya lura saƙon ya yi tsauri, ko akwai kuskuren rubutu a ciki, ya gyara kalma ɗaya. Nan take gwaje-gwaje birjik suka yi ja, alhali babu abin da ya lalace. Ya kwashe rabin yini yana bin su yana kwafe sabuwar jimlar a kowanne. Gobe in ya ci karo da wani saƙon mai muni, kau da kai zai yi. Gwajin da aka kafa don ya kare saƙo shi ne ya hana a gyara shi. Kuma me ya tabbatar tun farko? Cewa jimlar da mutum ya rubuta a wannan fayil ita ya kwafa a wancan. An bar jaki ana dukan taiki.

Suna da manyan shaidu. Kundin ƙa'idojin yaren kwamfuta na Python ya faɗa ƙarara cewa kalmomin saƙon kuskure ba alkawari ba ne, suna iya canzawa daga wannan fitowa zuwa ta gaba ba tare da sanarwa ba. PostgreSQL, ɗaya daga cikin rumbunan bayanai da aka fi amfani da su a duniya, yana ba kowane kuskure lamba mai gurbi biyar, kamar 23505 idan aka yi ƙoƙarin maimaita abin da aka ce kada ya maimaitu. Yana kuma shawartar masu manhaja su duba lambar su ƙyale jimlar, domin lambar ba ta cika canzawa ba, fassara kuma ba ta taɓa ta.

Mai sana'ar POS a bakin kasuwa ya san wannan darasi ko da bai taɓa jin sunan PostgreSQL ba. Saƙonnin katin banki suna bin wani tsari na duniya, ISO 8583, da aka fara fitarwa a 1987, kuma a cikinsa an keɓe gurbi na 39 don amsa: 00 an amince, 51 kuɗi bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, 91 ba a sami bankin mai katin ko mahaɗar da ke tsakani ba. Turancin da ke kan rasit yana iya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, lambar ce tsayayya. In 51 ce, mai POS zai rage murya ya ce, "Alhaji, ko a ɗan rage kuɗin?" In 91 ce, cewa zai yi, "Hajiya, netwok ne. Riƙe rasit ɗin nan, in an cire miki kuɗin zai dawo." Manhajar da ta rikita biyun, ta nuna wa mai kuɗi cewa ba shi da kuɗi a gaban layin mutane, ta ci masa mutunci, ta kuma sallame shi ba tare da shaidar da zai kai banki ba. Gwajin da ke tabbatar da cewa kowane yanayi na haifar da lambarsa ta daidai, babu mai gardama a kansa.

Sai dai "kada a gwada kalmomi" kan rikiɗe a hankali ta koma "kada a leƙa wajen sam". Nan ne ɓarnar take.

A 2014, Ding Yuan da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto a Kanada suka ɗauko rahotannin lalacewa 198 daga manyan manhajoji biyar da kamfanoni ke ajiye bayanai da sarrafa su: Cassandra, HBase, HDFS, MapReduce na Hadoop, da Redis. Suka ware 48 mafiya muni, waɗanda suka durƙusar da hidima ga kowa ko kusan kowa. Kashi 92 cikin 100 na waɗannan ba kuskuren farko ne ya kayar da su ba. Kuskuren ƙarami ne, manhajar ma ta hango shi, amma ɓangaren da aka rubuta don tarbarsa ne ya yi shirme. A kashi 35, shirmen irin wanda ko ɗan koyo zai gani ne: wurin tarbar fayau babu komai a ciki, ko ya rubuta layi ɗaya a kundin aiki ya wuce, ko ya kashe manhajar dungurungum a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko kuma an bar 'yar alama cewa za a gyara daga baya. Masu binciken suka ƙiyasta cewa a kashi 58, gwaji mai sauƙi a kan wannan ɓangare da ya tona asirin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hanyar nasara ana bin ta sau dubu a rana, in da rami a cikinta wani zai faɗa tun da safe. Hanyar kuskure kuwa kamar tayar ko-ta-kwana ce da ke bayan mota, ba a sanin ta sace sai ranar da ta gaba ta fashe a daji.

Saƙon kansa ma ba allo ne da aka rubuta aka rataye ba, ana gina shi ne a daidai lokacin da abin ya faru. Jimla ce mai gurabe: kun nemi naira kaza, amma naira kaza ce a asusunku. Manhaja ce ke cike guraben, kuma tana iya musanya su, mutum ya karanta cewa ya nemi 5,000 amma 8,000 gare shi, ya rasa inda laifinsa yake. Tana iya yin lissafi da kwabo ta manta ta mayar da shi naira, 8,000 ta koma 800,000. Wanda ya fi ciwo shi ne gurbin ya nemi sunan mai asusu, alhali kuskuren da ya faru shi ne ba a sami asusun ba. Sai ginin saƙon ya haifar da sabon kuskure, sabon ya binne tsohon, injiniyan da aka tasa da tsakar dare ya yi ta farautar abin da ba shi ba ne. Duk waɗannan gwaji ɗaya ke kama su: a tsokano kuskuren da gangan, a duba ko 8,000 da 5,000 sun fito kowacce a mazauninta. Ko jimlar ta fara da "Yi haƙuri" ko ba ta fara ba, gwajin ba ruwansa. Kayan gwaji irin su pytest sun tanadi hanyar duba ɗan yanki na saƙo don irin wannan buƙata.

Akwai kuma masu karatun da ba mutane ba. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi karon farko daga Kourou. Kimanin daƙiƙa 37 bayan kunna injin, na'urar da ke auna matsayin rokar ta ci karo da lambar da ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, ta tsaya, kamar yadda mataimakiyarta ta riga ta tsaya a kan dalili ɗaya. Kafin ta yi shiru ta aika da bayanin abin da ya same ta. Babbar kwamfutar rokar ba ta san kuka ba ne, ta karanta shi a matsayin bayanin tafiya, ta karkatar da bakunan injin har ƙarshe, rokar ta kauce hanya ta tarwatse.

A ofisoshi abin ba ya kai wa ga fashewa, amma tushensa ɗaya ne. Hyrum Wright, injiniyan da ya daɗe a Google yana gyaran manhajojin da dubban mutane suka ɗora aikinsu a kai, ya lura da abin da yanzu ake kira dokar Hyrum: in masu amfani da manhaja suka yi yawa, ba alkawarin da aka rubuta ne abin dubawa ba, domin duk wani hali da manhajar ke nunawa sai an sami wanda ya jingina da shi. A cikin rubutun yaren Go, a ɓangaren sadarwar intanet, akwai saƙon da ke cewa abin da aka turo ya yi girma da yawa. Shekaru da dama babu wata alama da manhaja za ta gane wannan kuskure da ita, sai mutane suka koma kwatanta jimlar kanta. A 2022 aka ba kuskuren nau'insa na musamman, amma jimlar ta riga ta zama ginshiƙi. Yau a samanta akwai 'yar sanarwa cewa saboda dokar Hyrum ba za a iya canza wannan rubutu ba. A irin wannan wuri, gwajin harafi da harafi kwaɗo ne da aka garƙama da gangan, don wanda zai zo gobe da kyakkyawar niyyar gyara Turanci ya tarar da ƙofa a kulle.

Wasu manhajojin ma saƙon kuskure shi ne hajarsu. Tafintan yaren kwamfuta, wato manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa umarnin na'ura, yawancin hirarsa da mai amfani da shi ƙorafi ne: nan ka buɗe baka ba ka rufe ba, can ka kira abin da babu. Masu yaren Rust sun ɗauki wannan hira da muhimmanci. Suna da dubban ƙananan fayiloli, kowanne da kuskuren da aka dasa masa da gangan, kuma a gefen kowanne akwai wani fayil ɗauke da cikakken saƙon da ya kamata tafintan ya fitar, har da layukan da ke nuna wurin da matsalar take. In wani ya canza kalma, gwaji ya yi ja. Amma ba ya bin fayilolin da hannu. Umarni ɗaya zai bayar, wanda sunansa ma "sa albarka" yake nufi, a sake rubuta su duka da sabon saƙon. Daga nan mai bita ya ga tsohon da sabon gefe da gefe, daidai yadda mai amfani zai gan su.

Wannan dabara ta fi sauran, domin ta cire wahalar da masu cewa a'a ke kuka da ita, ta bar amfanin. Canjin kalma bai zama azaba ba, kuma bai wuce a ɓoye ba. Tilas wani mutum ya karanta saƙon da idonsa kafin ya fita duniya, abin da a kamfanoni da yawa ba ya faruwa ko sau ɗaya.

Abin lura, Python da PostgreSQL ɗin da suka gargaɗi baƙi kada su jingina da kalmomi, a cikin gida suna gwada kalmomin. PostgreSQL yana gudanar da tarin umarni ya kwatanta abin da ya fito da abin da aka adana, saƙonnin kuskure na ciki. Python kuwa, a fitowarsa ta 3.10 cikin Oktoban 2021, ya gyara ƙorafe-ƙorafen da suka daɗe suna wahalar da 'yan koyo, aikin da Pablo Galindo Salgado ya ja gaba. A da, wanda ya manta rufe baka sai a nuna masa wani layi can ƙasa da bai ji ba bai gani ba, a ce rubutun bai yi ba. Yanzu ana nuna masa bakan da ya bari a buɗe. Irin wannan gyara in babu gwajin da ke gadinsa, wani gyaran na gaba zai iya share shi ba wanda ya sani. Babu tufka da warwara a nan. Mai kalma ya tsare kalmarsa, maƙwabci kuma kada ya gina ɗaki a kanta.

Wani lokacin abin gwadawa shi ne abin da saƙon bai kamata ya faɗa ba. Shafin shiga da ke cewa "babu mai wannan suna" a wani karon, "kalmar sirri ba daidai ba" a wani, ya gama gaya wa ɓarawo sunayen da ke da asusu. A 1998 Daniel Bleichenbacher na Bell Labs ya nuna cewa sabar da ke bambanta amsarta tsakanin ɓoyayyen saƙo mai gurɓataccen tsari da mai tsari daidai, in aka aika mata saƙonni kamar miliyan ɗaya ana lura da amsoshin, za a iya warware sirrin. Aka yi gyara, aka ɗauka an gama. A 2017 Hanno Böck da Juraj Somorovsky da Craig Young suka tarar tsagar tana nan a kayan kamfanoni da dama, har ta shafi Facebook da PayPal. Gwajin da ake buƙata a nan gajere ne: a bi hanyoyin biyu a tabbatar amsa ɗaya suke bayarwa, a kuma tabbatar lambar kati ko lambar sirri ba ta leƙo cikin saƙo ba.

Fassara ce ke ƙarasa karya gwajin harafi da harafi. Saƙon da Turanci ya faɗa da kalma ɗaya ga kowa, in ya zo Hausa sai an zaɓa: ka, ki, ko ku? Manhajar ba ta san wa ke riƙe da wayar ba, yaro ne ko dattijuwa. Wannan hukuncin mafassari ne, kuma yana da 'yancin sake shawara. Abin da na'ura za ta iya dubawa shi ne kowane saƙo ya sami fassara, gurabe biyu a Turanci su kasance biyu a Hausa, abin da kayan fassara irin su gettext ke iya tantancewa, sannan haruffa masu lanƙwasa su isa allo lafiya ba su koma akwati ko alamar tambaya ba. Kalmar "kuɗi" kaɗai ta isa ta tona asirin manhajar da ba a yi wa wannan gwaji ba.

Ashe amsar tambayar ita ce a gwada, amma a san abin da ake gadi. Lamba da gaskiyar da ke cikin saƙo kullum suna buƙatar mai gadi. Kalmomin kuwa sai inda wani ya jingina da su, ko inda su ne hajar. Sai dai akwai iyakar da gwajin gutsure ba ya tsallakewa, kuma an gan ta a wani asibitin masu ciwon daji a garin Tyler na jihar Texas.

Therac-25 na'ura ce mai ƙona ciwon daji da haske mai ratsa jiki, ƙirar kamfanin AECL na gwamnatin Kanada. Guda 11 aka girka a Amurka da Kanada. Samfuran da suka gabace ta suna da makullai na zahiri da ke hana hasken wuce kima. A wannan aka cire su, aka dogara da manhaja. Ranar 21 ga Maris ɗin 1986, wata ƙwararriyar ma'aikaciya mai saurin hannu ta shigar da bayanan wani majiyyaci da za a ba hasken da awonsa ya kai rad 180 a bayansa. Ta buga harafin x maimakon e, ta lura, ta koma sama ta gyara cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta kunna. Na'urar ta tsaya, allo ya nuna "Malfunction 54". Takardar da ke manne a jikin na'urar ta fassara lambar da "dose input 2", daga nan ba ƙari. Littafin jagorar ma'aikata bai yi bayanin lambobin ba. Allon ya kuma nuna awo 6 kacal aka bayar cikin 202 da aka nema, wato kamar ma hasken bai isa ba.

Ta saba da irin wannan. Na'urar kan tsaya da saƙonni kullum, har wani ma'aikaci a wani asibitin ya ce akwai ranakun da sukan kai 40, kuma ma'aikata sun ginu a kan cewa na'urar ba ta iya cutar da mutum. Ta danna P, harafin ci gaba. A ranar, allon da ke nuna mata cikin ɗakin a cire yake, na'urar magana kuma ta lalace. Mutumin da ke ciki ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi. Yana ƙoƙarin sauka daga gadon, haske na biyu ya same shi a hannu. Ba ta san abin da ake ciki ba sai da ta ji yana dukan ƙofa. Daga baya aka ƙiyasta cewa rad 16,500 zuwa 25,000 ya shige shi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ya rasu bayan wata biyar.

Injiniyoyin kamfanin suka zo, suka kasa sa na'urar ta maimaita saƙon, suka ce ba zai yiwu ta wuce kima ba. Aka mayar da ita aiki. Ranar 11 ga Afrilu, ma'aikaciya ɗaya, saƙo ɗaya, wani majiyyacin daban da ake yi wa magani a fuska. Ya rasu ranar 1 ga Mayu. Masanin kimiyyar asibitin, Fritz Hager, shi ya zauna da ma'aikaciyar suna maimaita abin da ta yi har suka gano sirrin: sauri ne. In aka gyara bayanan cikin kimanin daƙiƙa 8, allo zai nuna sabon umarni, wani ɓangaren na'urar kuma yana kan tsohon. Daga baya wani ma'aikacin kamfanin ya yi bayanin cewa "dose input 2" na nufin hasken ya yi yawa, ko kuma ya yi kaɗan.

Da wani ya rubuta gwajin da ke tabbatar da cewa idan awo ya saɓa allo zai nuna "Malfunction 54", da gwajin ya yi kore. Saƙon ya fito a kan lokaci, babu harafin da ya ɓata. Abin da babu a Tyler shi ne takardar Garman da atisayen Koos. Ba a taɓa zaunar da ma'aikaciya a gaban allo, a nuna mata wannan lamba, a tambaye ta me za ta yi ba. Da an tambaya, da ta ce P za ta danna, da kuma wani ya ji amsar tun kafin a kwantar da mutum a ɗakin.

Matakin farko da kamfanin ya ɗauka wasiƙa ce ga asibitoci a tsakiyar Afrilu, cewa a cire maɓallin komawa sama a liƙe gurbinsa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce wasiƙar ba ta bayyana aibin ba, ba ta kuma faɗi haɗarinsa ba, sannan ranar 2 ga Mayun 1986 ta ayyana na'urar a matsayin mai lahani. Ana cikin kai-komon takardu, a Janairun 1987, wani kuskuren daban a cikin manhajar ya ƙona wani majiyyaci a Yakima ta jihar Washington, can ma an danna P. Ya rasu a watan Afrilu. Nancy Leveson da Clark Turner, da suka bi diddigin lamarin suka wallafa a 1993, sun lissafa haɗura shida tsakanin 1985 da 1987.

Tsarin gyara na ƙarshe ya fito a Yulin 1987, shekara biyu da ɗoriya bayan haɗarin farko. An ƙara wa na'urar makullai na zahiri. An maye gurbin lambobin nan da saƙonnin da ke faɗin abin da ya faru. Duk tsayawar da ta shafi awon haske kuma, daga lokacin ba a iya wuce ta da danna P, sai ma'aikaci ya sake shigar da bayanan majiyyacin tun daga farko.